Gida Goma Sha Shida

Haladu ne ya kawo ta daga Maraɗi
cikin aljihun gaba, tare da goro da canjin sefa.
Ya ce, ɗan makaɗa, ga gadonku ya ƙanƙance.
Faɗinta tafin hannuna.
Tsirara take, ba murfi,
duk jijiyoyinta a waje.

Gidaje goma sha shida, kamar ramukan dara.
Ka ajiye dum a gidan farko,
ka tsallake biyu, ka ajiye tas,
sai wata 'yar fitila ja ta bi layi tana leƙe ɗaki-ɗaki:
inda ta tarar da ajiya ta buga,
inda ta ga wayam ta wuce.
In ta kai ƙarshe ta komo farko.
Ba ta neman ruwa, ba ta jiran liƙi.

A rumfata ta gyaran waya, Ƙofar Ƙaura,
nakan kunna ta idan ciniki ya yi gyangyaɗi,
waya a kunne, kada mai shayi ya ce na zautu.

Batir biyu take ci, 'yan sirara.
Damina ta koya mini hankali:
na mance su a cikinta sati uku,
suka yi amai fari kamar kanwa.
Na kwana ina kankara da tsinken sakace da auduga.
Tun daga nan, in za ta huta sai na zare su,
kiɗan kuwa na zana a bayan rasit,
ɗigo inda take magana, gurbi inda take shiru.
Baduku a 'Yar Kutungu ya ɗinka mata kube,
har ana tambayata ko laya ce.
Ba ta shan rana. Ba na taɓa ta da hannun ƙosai.

Haka Baba Sallau yake yi wa kalangunsa
shekara arba'in a bakin mayanka:
ya rataye shi nesa da ɓera,
ya sassauta tsarkiya kafin ya kwanta.
Yanzu hannunsa ke rawa, ba mahauta ba.
Kalangun na jikin ƙusa, ya yi shiru kamar baƙo.

Daren wata Laraba na kai masa ita zaure.
Ya juya ta gaba da baya, ya shinshina.
Wanga abu bai da fata, in ji shi,
wace akuya ta mutu dominshi?
Na kunna masa kiɗan pawa yadda kunnena ya riƙe.
Ya saurara har fitila ta zaga sau biyar.

Bai yi kuskure ba, ya ce,
laifinshi ke nan.
Makaɗi yakan makara kaɗan
don mai rawa ya sami wurin aje ƙafa.

Na murɗa maɓalli, kiɗan ya soma jan ƙafa.
Ƙara. Ƙara. Tsaya nan!
Sai ya miƙo yatsan nan mai karkarwa,
ya kuskure, ya sake,
ya kashe gida na sha ɗaya.

Fitila ta zo, ta ga ba kowa, ta wuce.

Nan ne, ya ce, Barau yake ɗaga wuƙa sama.
Nan ba a kiɗa. Nan kallo ake.

Na'urar ba ta iya kiran suna,
ba ta da hammatar da za ta matse ta ta yi kirari.
Shi ya cika mata da baki, a hankali,
yana kiran mutanen da duk suna Ɗanmarna kwance,
har batir ya soma disashewa,
dum ɗin ya koma kamar tari a bayan katanga.

Rasit ɗin yana cikin kuben har yau,
na ninke shi huɗu.
Ɗigo, gurbi, gurbi, ɗigo.
Yaran rumfa sun ce in cike wurin nan,
wai akwai rami a kiɗan.
Nakan ce musu akwai mai shi.